Wardin Ɗan Mai Zane

Jikana Nura da abokansa sun buɗe wurin sayar da fulawa a bakin titin Rijiyar Zaki. Sun jera baƙaƙen ledoji cike da ƙasa, sun jawo tiyo daga wurin wankin mota da ke maƙwabtaka da su. Ranar da na je ganin wurin na tarar da ɗayansu yana ban-ruwa da rana tsaka, tiyo a hannun dama, waya a hagu, kuma wayar yake kallo. Da na yi magana sai ya ce mini ai aikin gadina ba wani abu ba ne, duk wanda ya iya riƙe tiyo ya iya shi. Ban yi masa faɗa ba, yaron kirki ne. Na sa aka ba ni benci, na ba su labarin shekarun da tuwon gidanmu kaf ya rataya a kan itace guda ɗaya wanda tsawonsa bai kai ƙuguna ba. Rabinsu ba su saurara ba, shi ya sa nake sake faɗa.

Aikin farko da na sani a duniya shi ne jan jigo. Mahaifina yana da ɗan lambu a fadamar ƙauyenmu, tsakanin Bici da Bagwai, albasa da tattasai da ɗan tumatir. Tun da sassafe za ka tsaya a bakin rami, ka danno sandar jigo guga ta nutse, ka sassauta hannu nauyin dunƙulen laka ya ɗago maka ita, ka juye a hanyar ruwa. Tsoho kuma yana can da fartanya, ya buɗe wa wannan fangali ya toshe wancan. A wurinsa na koyi cewa ba ido ake tambaya ko shuka ta ƙoshi ba, yatsa ake cusawa a ƙasa a ji. In kuwa ka kuskura ka ba albasarsa ruwa rana na tsaka, da ƙotar fartanyar zai bi ka har bakin gari.

Ina da aure da 'ya'ya biyu lokacin da ruwan sama ya fara yi mana rowa. Gyaɗa ta ƙi, gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya bushe, ramin fadama muka yi ta yasa har muka taɓo dutse. A cikin wannan hali aka kawo Turawan haƙar rijiyoyi da gina madatsun ruwa, aka saukar da ɗaya daga cikinsu a wani gidan bulo a gefen ƙauyenmu. Dogo ne, jan fuska, mutumin ƙasar Sikotlan. Ya iya Hausa irin ta littafi, wadda ba ta tsallake gaisuwa ko ɗaya, in ya tare ka a hanya sai ya tambayi gajiya da iyali da dabbobi kafin ya sake ka. A falonsa akwai hoton mahaifinsa tsaye ɗaure da wani ɗan guntun zane mai gida-gida iya gwiwa. Kukunsa, Malam Tanko, shi ya fitar da labarin hoton waje, daga nan kowa ya koma kiransa Ɗan Mai Zane, amma fa a bayan idonsa.

Ranar da na je neman aiki wurinsa bai tambaye ni takarda ba. Ya kai ni jikin shingen lalle, ya miƙo mini wata 'yar wuƙa mai naɗewa, ya ce in yanko masa reshe. Na sa ƙarfi na datso kamar mai saran kara. Ya karɓa ya juya shi ya ce wannan na tura wa wuta ne. Sai ya nuna mini: ka nemi reshen da bai tsufa ba bai kuma yi ɗanye sharaf ba, kaurin fensir, ka nemi idon da ganye ke fitowa, ka yanka a ƙasansa kaɗan, a karkace, da ja ɗaya, kada wuƙa ta tauna ɓawo. Ka zage ganyen ƙasa, ka bar biyu a sama. Na yi ta gwadawa a jikin lallen nan har shingen ya yi sanƙo, matan ƙauye suka zo suna kwashe ganyen da murna. Ranar da ya duba yanka ya gyaɗa kai, ranar na zama gadina. Ya damƙa mini baro da manjagara da shebur, da almakashin aske shuka, da gwangwanin yayyafi mai hudajjen baki. Wuƙar kuma ya ce kullum ta kwana da kaifi, in ba haka ba kada in zo da ita kusa da itacensa.

Itacen nan wardi ne. Kun san wardi na turare, to uwarsa ke nan. Ni da na ji sunan na zaci zan ga wani abin kallo. Abin da na tarar a gindin bangon gidan ta gabas wata 'yar ƙaya ce mai rassa huɗu ko biyar, ganyenta ƙanana, ta yi yaushi kamar mai jinya. Daga ƙasarsu ya zo da ita, guntun reshe soke cikin dankalin turawa, naɗe cikin jiƙaƙƙiyar safa. Aikina a kanta ya fi na fangali goma. Na kafa mata rumfar zana mai cirewa, da hantsi in rufe, da la'asar in buɗe. Na barbaɗa toka a kewaye saboda gara, na lulluɓe gindin da ɓawon gyaɗa don laima ta daɗe. Taki sai ruɓaɓɓe na bara, sabo yana ƙona ta. A shekara in ta ga dama ta yi fararen furanni biyu ko uku, ranar kuwa Bature ba ya zuwa aiki da wuri.

Da yamma yakan fito da kujera da kofin shayi ya zauna gabanta, ni ina gyara, Malam Tanko yana tsaye da tire. A nan muka sha tarihin gidan da itacen ya fito. Ya nuna mana hoto: wani dogon bene na dutse a kan tsauni, ga kogi a ƙasa, kuma babu rufi. Ya ce wani basarake ne ya gina shi ɗaruruwan shekaru da suka wuce, zamanin da kowa ke satar shanun maƙwabcinsa. Kaurin bangon sai mutum ya kwanta a cikin taga ya miƙe ƙafa. Ƙofar shiga tana can sama, da tsani ake hawa, in an ga baƙin da ba a yarda da su ba a janye tsanin. Matakalar ciki kuma murɗaɗɗiya ce, an murɗa ta yadda mai saukowa da takobi a hannun dama zai sami sarari, mai hawowa kuwa hannunsa sai bugun bango. Malam Tanko ya tambaya to in maharan bahagwai ne fa? Bature ya ce wannan sai ya tambayi babansa.

An kewaye gidan da yaƙi ba sau ɗaya ba, in ji shi. Wani karo maƙwabta ne, wani karo Turawan Ingila, wani karo ma ƙanin mai gidan ne da kansa. A ɗaya daga cikinsu aka cinna masa wuta, katakon ciki ya cinye, mutanen gidan suka watse. Wardin nan yana gindin bango tun kafin gobarar, wai wata amaryar gidan ce ta dasa shi. Ya ƙone ƙurmus har ƙasa. Da aka dawo gyara bayan shekaru sai aka tarar ya tofo ya kama bango.

Da zaman lafiya ya samu, masu gidan suka rasa abin yi da kuɗi sai suka koma lambu. Suka zagaye fili da katanga mai tsawo da ƙofa mai kwaɗo, suka shuka itatuwan marmari suna ɗaure rassansu a jikin bango a baje kamar an shanya fata. Suka gina ɗakin tattabaru don naman lokacin sanyi, da rami na ajiye ƙanƙara. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne katangar lambun ma hura mata wuta ake yi ta ciki, hayaƙi ya bi ta ramuka, don itace ya ji ɗumi. Mu nan muna yi wa shuka rumfa, su can suna yi mata murhu. Kakan Baturen namu yana saurayi shi ne mai iza wutar. Nan muka gane Ɗan Mai Zane ba jinin sarauta ba ne kamar yadda Tanko ya yi ta bazawa. Gadina ne ɗan gadina jikan gadina, karatu ne kawai ya karkatar da shi zuwa haƙar rijiya. Daga baya masu gidan suka talauce, haraji ya yi musu yawa, suka kware rufin da hannunsu don kada a ƙirga shi a gidan zama, suka tafi birni. Lambun ya zama wurin kiwon tumaki. Kafin mahaifinsa ya ajiye aiki shi ne ya yanko masa wannan reshe.

Ni abin da na ɗauka a labarin shi ne talauci ba ya tsoron kaurin bango. Malam Tanko kuwa ya kwashi labarin ɗungurungum ya kai gindin durumi inda dattawa ke zama, kuma bai ƙara ko kalma ba, na shaide shi. Dattawa ne suka yi nasu lissafi. Ga itace wuta ta ci shi ya tashi. Yaƙi ya bi ta kansa bai mutu ba. Ya binne wadda ta dasa shi da 'ya'yanta da jikokinta, gidan dutse ya zube shi yana nan. Wanzamin garinmu, wanda shi ne likitanmu a lokacin, ya ce shi fa tunda yake bai taɓa ganin Bature ya wahala a banza ba.

Abin da ya ƙara tabbatar musu shi ne ruwa. A shekara ta biyu ta fari rijiyar gidan Baturen rijiya da kansa ta ja baya, ana kawo masa ruwa a durom cikin mota. Ya ce in bar ciyawar tsakar gida ta mutu. Ya ce in bar 'yan mangwaron da muka dasa. Ya rage ruwan wankansa, amma kullum gwangwani guda na wardi ne. Ya kuma kira ni ya faɗa mini a fili cewa yanzu lambu ya ƙare, saura wannan itace, in yana raye akwai gadina, in ya mutu ba shi da abin da zai gaya wa kamfanin da yake wa aiki yana biyana a kansa. Ba albashin ne kaɗai ba. Kowane wata motar kamfani tana kawo wa ma'aikata dawa, kuma rabon da nake samu shi ake tuƙawa a gidan mahaifina, gida mai sassa huɗu, rumbunanmu kuwa an share su har ƙasa.

Wanzami ne ya fara zuwa, ranar da Bature ya tafi rangadi. Ya yi sallama ta bayan shinge, muka gaisa, ya ce ganye uku kawai yake so, akwai wani mai ciwon baya. To, ku yaran yanzu ba ku san wannan ba. A wajenmu ba a hana ganyen magani. Mutum zai shiga gonarka ya sassaƙi ɓawon itacenka, in ka gan shi abin da za ka ce shi ne Allah ya sawwaƙe, wa ba shi da lafiya? Ba a saye, ba a sayarwa, ba a hanawa. Wanda ya hana, ranar da nasa ya kwanta kowa zai tuna. Ga shi kuma wanzamin nan shi ya yi mini kaciya. Na zaɓi tsofaffin ganye uku daga ƙasa na tsinka masa.

Aka yi rashin sa'a mai ciwon bayan ya warke. Daga nan ƙofa ta buɗe. Mai unguwa ya aiko don jiri. Wani ya zo don matarsa ta daɗe ba ta haihu ba, wani don ƙanensa zai tafi Kudu neman aiki a ba shi na tsari. Wani Bamaguje ya tako daga can bayan Bagwai da kaza a hammata, na ce ba a sayarwa, ya ce ai ba saye ba ne, gaisuwa ce. Na yi bayani har bakina ya gaji cewa masu itacen ma kallonsa kawai suke yi su shaƙi ƙanshi. Duk wanda na gaya wa sai ya yi murmushi ya dafa ni, wato ya gane an hana ni faɗa. Na koma raba ganye ɗaya gida biyu da almakashi.

Bature ya lura itace na ta sanƙo. Da farko ya ɗora wa fara laifi, ya kawo magani muka fesa. Sai ya ce akuya ce, ya sa aka zagaye wurin da wayar kaji. Yakan tsuguna ya duba ya ce bai taɓa ganin akuyar da ke tsinkar ganye daga ƙasa zuwa sama bi da bi ba, awakin Kano suna da tarbiyya. Ni dai ina riƙe da gwangwani ina kallon ƙasa. Tsoro nake ji sosai, don na san tuwon gidanmu ne ke rataye a kan itacen nan.

Wadda ta fi kowa ɓarna ita ce Gwaggo Kande, yayar mahaifina. Mijinta ya rasu ta dawo gida, tana da ɗakinta a kusurwar baya, tana yin daddawa, kuma babu mahalukin da take shakka. Mahaifina da gemunsa fari in ta kira sunansa sai ya cire hula ya sosa kai. Ta zo da sanda wai gwiwa ke damunta. Na miƙa mata rabin ganye. Ta kalli rabin ganyen, ta kalle ni, ta tambaya ko ni ne wanda ta goya ko wani ne. Kafin in amsa ta naɗe hannu da gefen zane ta cusa ta cikin waya ta kamo reshe guda, mafi kyau a ciki, ta fara murɗawa. Na roƙe ta da girman Allah ta tsaya in yanka da wuƙa, don in ta ɓalle shi ɓawon zai tsage har gindi. Na yanka yadda aka koya mini, a karkace, ƙasan ido. Na zage mata ganyen a hannu. Ta ce sandan ma nata ne. Don in rabu da ita na ce ta soke shi a ƙasa a inuwa, in ya kama ta huta da tattaki. Ta tafi tana mita, ba ta sake dawowa ba, na ɗauka gwiwar ce ta yi sauƙi. Da Bature ya ga gurbin reshen na ce ya fara bushewa ne na cire, ya duba yankan ya ce ya yi kyau.

Muka ja a haka har bazarar shekara ta gaba. Damina ta sake yin gardama, mutane suka koma cin tafasa da dusa, wasu gidajen aka rufe su aka tafi birni. Itacen yana nan da 'yan ganyensa da za a iya ƙirgawa. Abin da ya ƙarasa shi gara ce. A duk faɗin ƙasar nan wuri ɗaya ne ke da laima kullum, kuma gara ta samu labari. Na zuba toka, na haƙa kewaye, na bi hanyarta na tono gidanta guda, ashe ta ƙarƙashin harsashin gini ta biyo. Itace mai ƙarfi yakan jure mata, wannan kuwa an riga an shanye shi a kofi. Wata safiya na taɓa shi sai ya biyo hannuna, ba saiwa ko ɗaya.

Bature ya dawo daga rangadi ya tarar. Ya ɗauki busasshen itacen ya juya shi, ya zauna a kan baro yana kallonsa. Tausayinsa ya kama ni, don a watannin nan aka aiko masa mahaifinsa ya rasu. Malam Tanko, da ya ga abin ya zo ƙarshe, ya kwance masa zancen ganye tun daga wanzami. Na zaci zai yi faɗa. Sai kawai ya tambaya, cikin Hausarsa ta littafi, ko waɗanda suka sha sun sami lafiya. Tanko ya ce wasu sun samu. Ya ce madalla. Sannan ya juyo ya ce mini ba ya riƙe ni da komai, amma maganar da muka yi tana nan, ƙarshen wata in kawo wuƙa da almakashi.

Na je gida na sami mahaifina a zaure na gaya masa. Ya juya ya kalli wajen rumbuna. Muna zaune Gwaggo Kande ta fito za ta kai daddawa maƙwabta, ta ga fuskokinmu ta tambaya wa ya mutu. Na ce itacen Bature. Ta ce wanne, irin ƙayar nan da ke bayan ɗakinta tana kama mata zane kullum?

Ɗan ƙane ba ya leƙa bayan ɗakin gwaggonsa, shi ya sa fiye da shekara ban sani ba. A lungun da ke tsakanin ɗakinta da zanar makewayi ta soke sandan, inda rana ba ta sauka sai da hantsi. A nan take alwala, sau biyar a yini, ruwa kaɗan kaɗan a kansa. A nan take zubar da tokar murhun daddawa. Itacen ya wuce kafaɗata, ya kama zana ya haye, ga fararen furanni sun fi goma. Matan gidan duk sun sani, a wurinta suke tsinka, ba wadda ta ga abin faɗa a ciki.

Washegari na zo da Bature. Mahaifina ya yi masa iso, matan gida suka shige ɗakuna suna leƙe ta asabari. Dogon mutumin nan ya sunkuya ya bi lungu, ya tsaya a bakin makewayin tsohuwa, ya cire hula. Ya kama fure ɗaya ya kai hanci ya rufe ido, a wurin da mu ke toshe namu hancin. Ya daɗe a haka. Da ya juyo idonsa ya yi ja, ya ce ko a jikin bangon gidan dutse bai taɓa ganin ya yi kyau haka ba.

Gwaggo tana zaune a kan turmi tana kallonsa. Ya durƙusa ya gaishe ta, gajiya da iyali da dabbobi, ta amsa duka. Ya ce yana so ya saya. Ta ce ba a sayar da magani. Ya ce to a ba shi izini a tono a mayar gidansa, ai asali nasa ne. Ta ce itacen da ya kai gidansa ya mutu, wannan a gidanta ya tashi, kuma gwiwarta ba ta gama warkewa ba. Sai ya roƙi reshe ɗaya.

"Reshe ba a hana ka ba, ɗan nan," in ji ta. "Ba ma hana magani. Amma da wannan zafin in an yanka ba zai kama ba, kai ma ka sani."

Ya ce gaskiya ne, sai ruwa ya sauka.

"To sai ruwa ya sauka. Kuma ba mai sa masa wuƙa sai Habu," ta nuna ni, "shi ya iya. Na ji an ce ƙarshen wata za ka sallame shi. In ka sallame shi birni zai tafi dako, ni kuma ba zan bar wani ya taɓa mini itace ba."

Bature ya buɗe baki zai yi magana. Sai ta miƙa hannu bayan turmi ta ɗauko wani ɗan kwano, ta ce ta ga ya rame, idonsa ya faɗa, ya shanye. Dafaffen ganyen wardi ne da 'yar kanwa, na safe da ta rage. Ya karɓa da hannu biyu ya leƙa ciki. Ya ce mata a iya saninsa, tun daga amaryar da ta dasa itacen nan har zuwa kan mahaifinsa, ba wanda ya taɓa dafa ganyensa ya sha.

"Kuna da magani a gindin bango kuna ta kallonsa," ta ce. "Ba dole gidan ya zube ba."

Ya kafa kai ya shanye tas, fuskarsa ta yamutse, ya yi godiya. A zaure ya mayar da hularsa, ya ce mini in ci gaba da wasa wuƙar, kuma kullum in riƙa zuwa duba lafiyar itacen in kawo masa rahoto. Haka na zama gadinan kamfani mai kula da bayan ɗakin gwaggona, kuma ko gwangwani ba ta bari in ɗaga a wurin, wai zan lalata mata.

Ƙarshen wata motar dawa ta zo, da rabona a ciki. Na ɗora a jaki na kora zuwa gida, yara suka taryo ni tun daga bakin gari. Ban gama sauke buhun ba Gwaggo ta fito da babbar ƙwaryarta ta ajiye a gabana, ta ce kafin kowa ya taɓa a fara auna mata ladan ban-ruwa.